Godiya ga Gidan Sana'ar da Ya Hana Ni Sayen Abin da Ba Zai Amfane Ni Ba

Zuwa ga mai wannan ƙaramin gidan sana'a na zuba kayan kwaikwayon fina-finai, da dukkan ma'aikatansa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari? Na riga na yi muku godiya ta saƙo, amma raina bai kwanta ba, domin abin da kuka yi mini ya fi ƙarfin layi biyu. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, masu sha'awa irin tawa su gani, su san cewa har yanzu akwai inda ake ɗaukar mai saye a matsayin mutum.

Shekaru ke nan ina da burin haɗa kwafin bindigar E-11, wadda sojoji masu fararen sulke suke riƙewa a fim ɗin Star Wars na 1977. Wanda bai san harkar ba zai ce ai abin wasan yara ne. Mu da muke ciki mun san cewa masu shirya fim ɗin ba daga sama suka ƙago ta ba. Bindigar Sterling ta sojojin Birtaniya suka ɗauko, suka gajarce gidan harsashinta da ke fitowa ta hagu, suka ɗora mata madubin saiti na M38, suka manna wata 'yar na'urar ƙirga ta kamfanin Hengstler a gefe, sannan suka rufe hudojin bututun da siraran layukan roba. Haka aka yi wa bindigar Han Solo, wadda aka gina a kan Mauser C96 ta Jamus. Daɗin wannan sana'a a nan yake: kowane ɗan guntu yana da asalinsa, kuma idan girmansa ya kauce ko da kaɗan ne, idon wanda ya sani zai kama shi nan take. Abin da nake nema kwafi ne na rezin, wato wata roba da ake zubawa tana ruwa ta daskare ta yi tauri, wanda ba ya harbi kuma ba zai taɓa iya harbi ba, don in ajiye a kan kanta in riƙa kallo.

Kafin in zo gare ku na sha wuya a hannun wani mai sayarwa da ba zan ambaci sunansa ba. Hotunan da ya sa sun yi kyau, kayan kuma sun yi araha, na manta cewa araha ba ta ado. Mako bakwai na yi ina jira. Ranar da kwalin ya iso, tun kafin in gama yanke salatif wani wari ya buge ni. Mariƙin yana danƙo, yana kama yatsa kamar an shafa masa gam. Hannuwan gindin bindigar, waɗanda ake naɗewa, sun lanƙwashe kamar baka. Rubutun da ke jikin na'urar ƙirgar ya dushe, sai ka ƙura ido kafin ka gane harafi ɗaya. Jikin madubin kuwa duk ƙananan ramuka ne, kamar an yi ta caka masa allura.

Duk da haka ban karaya ba. Na cike ramukan da fila, wato kwaɓin da ake toshe rami da shi, na goge da sanfefa, na fesa fenti. Bayan kwana biyu na sa farce, fentin ya ɗago kamar ɓawon albasa. Na kankare, na sake, ya sake ɗagowa. Na tura wa mutumin saƙo huɗu da hotuna. Uku bai amsa ba. Na huɗun ya amsa da layi ɗaya, cewa ni ne ban iya ba, kuma ba ya karɓar kayan da aka riga aka taɓa. Wallahi wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, domin na yarda da ita. Na mayar da komai kwali, na tura ƙarƙashin tebur, wata uku ban kalle shi ba.

Da na dawo, niyyata in sayi madubi da na'urar ƙirga kawai daga wajenku, in lallaɓa sauran. Na saka su a oda, na rubuta ɗan bayani cewa zan ɗora su ne a kan jikin da nake da shi. Ban yi tsammanin wani zai karanta bayanin ba.

Washegari sai ga saƙo daga baiwar Allah da ke kula da masu saye a wajenku. Ta dakatar da odar, ta ce in ɗauki hoton jikin bindigar da rula a gefensa, in kuma auna faɗin bututun da tazarar da ke tsakanin hudoji biyu. Na auna na tura. Amsarta ita ce dalilin wannan wasiƙa. Ta ce kada in saya, domin kayanku ba za su zauna a kan wannan jiki ba. Ta yi mini bayani cewa abin da aka sayar mini kwafin kwafi ne: wani ya sayi aikin wani maƙeri, ya zuba masa robar silikon ya fitar da mazubi mai siffarsa, yana sayarwa ba da izinin mai shi ba. Duk lokacin da aka ɗauki mazubi daga abin da shi ma zubi ne, sai girman ya ɗan ragu, kaifin gefuna ya tafi, rubutu ya dushe. Madubinku an auna shi ne da girman asali, don haka ramukan sukuru ba za su haɗu ba.

Malama, ke kin san da kin yi shiru da an ci kuɗina, kuma ba wanda zai ce kin yi laifi, tunda ni na zaɓa da hannuna. Amma kika zauna kika rubuto mini doguwar amsa, gaɓa-gaɓa. Kika ce mariƙin nan mai danƙo ba shi da magani, domin rezin ruwa biyu ne ake gaurayawa, idan ma'aunin ya kauce ko ba a juya sosai ba, ba zai taɓa bushewa ba, in jefar da shi, in daina taɓa shi da hannu tsirara. Kika ce hannuwan da suka lanƙwashe za su gyaru: in tsoma su a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, in miƙe su a hankali a kan katako, in riƙe, sannan in sa su a ruwan sanyi. Game da fentin kuwa, tambaya ɗaya kika yi mini: na wanke kayan kafin in fesa? Ban wanke ba. Ban san ana fesa wa mazubi wani maiƙo don zubi ya fita salin-alin ba, kuma maiƙon nan yana biyo kayan, ba fentin da zai kama a kansa. Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori, shi ke nan maganin abin da ya hana ni barci. A ƙarshen saƙon kika rubuta cewa ba rashin iyawata ba ne, ba a gaya mini ba ne kawai. Sau uku na karanta wannan layin.

A daren na gwada ruwan zafin. Ina riƙe da hannun gindin, na ji ya yi laushi a tsakanin yatsuna, na danne shi a kan katako ina ƙirga sakanni, na tsoma a ruwan sanyi, ya fito a miƙe sak. Na daɗe ina juya shi a gaban fitila.

Daga baya na yanke shawarar sayen cikakken saitin daga wajenku. Kafin Malama ta karɓi odar, sai da ta ce in fara bincika dokar inda nake da ta kwastan, domin E-11 a kan bindigar gaske aka tsara ta, daga nesa ba mai bambance su. Ta tuna mini cewa a Amurka dokar tarayya ta 1988 ta wajabta alamar ruwan lemo a bakin bindigogin wasa masu kama da na gaske, a Birtaniya kuma dokar 2006 ta taƙaita sayar da kwaikwayon bindiga mai kama da ta gaske. Ta roƙe ni kada in taɓa fita da ita a fili, kuma idan zan kai ta taron masu sha'awa, in sa ta a akwati in bari jami'an taron su duba. Kun sa mini toshiyar bakin mai ruwan lemo a kwalin ba tare da na tambaya ba, kuma tana nan a manne.

Kayan sun iso a kan lokaci, a naɗe da kyau, komai ya cika. Abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan da'ira ne da aka zana da fensir a bayan gidan harsashin, an kewaye wata ƙwayar iska da ba ta kai ƙwayar gero ba, da 'yar takarda cewa an gani, ga yadda ake cikewa. A wurin da ba wanda zai duba! Sauran kayan sumul, domin kuna busar da zubinku a tukunyar matsi, wadda ke matse kumfar har ido ba ya ganinta. Na bi shawarar Malama na huda ramin milimita 2 a kowace mahaɗa, na zura sandar tagulla kafin in sa gam. Na goge da sanfefa mai lamba 400 sannan 600, da ruwa, takunkumi a hanci saboda ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu. Bayan fentin shimfiɗa da baƙin fenti, sai na goga garin bakin fensir a gefunan madubin da ɗan yatsa. Ina gogawa, rezin ɗin ya fara ƙyalli irin na tsohon ƙarfe da hannu ya daɗe yana shafa. A nan ne na tabbata aikin zai yi.

Abin da ke damuna shi ne, me ya sa wannan ya zama abin mamaki? Harkar nan ta cika da masu ɗaukar hoton aikin wani su sayar da nasu. Akwai masu matse mazubi har ya tsage, suna ci gaba da zubawa, suna turo wa mutane kaya da tabon tsagar a jiki. Akwai masu buga kaya da firintar 3D da robar PLA, wadda ke fara laushi a wajen digiri 60 na ma'aunin Celsius, ba za su taɓa gaya maka kada ka bar ta a mota cikin rana ba, sai ka dawo ka tarar da aikin wata guda ya sunkuya. Kafin ka biya, amsa a minti biyar. Bayan ka biya, ka shiga uku. Kuma wanda ya fi cutuwa shi ne sabon shiga, wanda bai san yadda kaya mai kyau yake ba, sai ya ɗora laifin a kansa ya bar sana'ar. Maƙerin asali kuma, wanda ya yi watanni yana auna hotuna yana sassaƙa, ya ga ana cin guminsa, shi ma ya naɗe tabarmarsa. Ni kaina saura ƙiris in zama ɗaya daga cikin waɗanda suka bari.

Ranka ya daɗe mai gida, ina roƙon ka riƙe wannan ma'aikaciya da kyau, ka kuma isar mata da wannan wasiƙa hannu da hannu. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya yi wa iyayenki albarka, ya buɗa wa gidan sana'arku. Bindigar tana ajiye a kan kantar yanzu. Fitilar LED ce kawai ta rage, wadda kika ce in jinkirta sai fenti ya gama bushewa sarai, kuma idan na zo kan haɗa wayoyin zan sake turo miki hoto.

Naku mai godiya,
Wani mai sha'awar haɗa kayan kwaikwayon fina-finai