Wasiƙa daga Akihabara

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi.

Na cika maka alkawari, na je Akihabara, unguwar kayan lantarkin nan ta Tokyo da ka daɗe kana yi min zancenta. Tasha biyu ce kacal daga babbar tashar Tokyo a jirgin ƙasa na layin Yamanote. Kana fitowa sai ka ga dogayen benaye an lulluɓe su da zanen 'yan katun masu dara-daran idanu, wato anime, ga kiɗa na tashi ta kowace ƙofa. Ranar Lahadi da rana har hana motoci bin babban titin Chuo-dori ake yi, jama'a su bazu a kai.

Amma inda na tuna da kai, har na ji dama tare muke, shi ne ƙarƙashin gadar jirgi, wurin da ake kira Radio Center. Wasu 'yan lunguna ne matsattsu, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Kowane shago ɗan mitsitsi, dattijo na zaune a tsakiyar kayansa: tiransista, kafasita, fiyus, dalma, wayoyi kala-kala, har da kwan rediyo irin na zamanin kakanninmu. Wani ma makunni kaɗai yake sayarwa, iri-iri. Komai da farashinsa a rubuce, babu taya, babu albarka. Ka ɗauka Farm Centre ce ta Kano aka cire mata hayaniya aka cusa ta ƙarƙashin titin jirgi.

Asalin wurin ya burge ni ƙwarai. Bayan yaƙin duniya na biyu, mutane suka riƙa kasa kayan rediyo a bakin titi, ɗalibai na saya suna harhaɗawa suna sayarwa. A 1949 mahukuntan mamaya na Amurka suka ba da umarnin tashin masu kasa kaya, shi ne aka tattara su ƙarƙashin gadar. Wato masu sana'a irin taka ne suka kafa sunan unguwar nan da duniya ke tururuwar gani.

Abin da ya sosa min rai, shagunan suna ta raguwa. Maƙwabciyarsu, wata kasuwar kayan rediyo mai suna Radio Store, ta rufe tun 2013 bayan shekara 64. Masu shagunan sun tsufa, matasa kuma ta intanet suke sayayya, ko su nufi katafaren kantin Yodobashi da aka buɗe a 2005. Ginin Radio Kaikan, duk da sunansa, yanzu yawancinsa 'yan tsana ne na anime da katunan wasa. Ni dai harkar ba ta ja ni ba, kuma akwai zanen da dole ka kau da kai. Sai dai ban raina musu ba. A Mandarake, kantin tsofaffin littattafan zane da kayan anime mai bene hawa takwas, na ga littafin zane da ya girme ni an adana shi cikin leda ko lanƙwasa babu. Mutanen nan sun iya riƙon kaya.

Wani abin mamaki, a wurin bautarsu na Kanda Myojin da ke kusa, har laya ake sayarwa ta tsare kwamfuta daga lalacewa. Ni kuwa da azahar ta yi, masallacin Okachimachi na taka, ba shi da nisa.

Batun saƙonka kuma, mitar awo na samu mai kyau, da batir take aiki, babu matsala. Ƙarfen narka dalma ne na dakata, domin wutar Japan bolt 100 ce, tamu kuwa 230, kana jona shi zai ƙone sai da taransifoma. Ka sanar da ni ko in sayo a haka, ko in nemo wanda aka yi don ƙasashen waje, ko da ya fi tsada.

Ka gaida min Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida yaran shago.

Naka har kullum,
Amininka