Zuwa ga 'yata marubuciya da ta tambaye ni a rediyo ko ta koma rubutu da Turanci

Assalamu alaikum 'yata,

Ranar Asabar da ta wuce kin bugo waya ana tsakiyar shirin adabi, kika ce daga Gwammaja kike, kuma kin rubuta littattafai huɗu a waya. Tambayarki, in ban manta ba, ita ce: "Anti, kullum muna jin sababbin littattafan Turanci suna lashe kyaututtuka, jaridu suna yabonsu. Ni masu karatuna har kuka suke yi, amma ko takardar yabo ban taɓa samu ba. In koma Turanci ne?" Na buɗe baki ke nan mai gabatarwa ya ɗaga min hannu, wai lokacin talla ya yi, daga talla kuma aka faɗa labarai. Maganar ta tsaya min a wuya har na dawo gida. Ba ni da lambarki, kuma a gaban jama'a kika yi tambayar, shi ya sa zan amsa miki a gaban jama'a.

A'a, kada ki koma. Amma na san a'a tsurarta ba za ta ƙosar da ke ba, don haka ki gyara zama.

Babbar kyautar adabi a ƙasar nan ita ce ta kamfanin gas na NLNG, dala 100,000. Fanni ɗaya ake ɗauka kowace shekara, ƙagaggen labari ko waƙa ko wasan kwaikwayo ko littafin yara, sai a zagayo. A 2016 ɗan Arewa ya ɗauke ta, Abubakar Adam Ibrahim, da littafinsa Season of Crimson Blossoms. Labarin wata Hajiya ce mai jikoki wadda mijinta ya rasu, zuciyarta ta faɗa wa wani matashi ɗan daba. Ki duba wannan jigon da kyau. Ai kayan tsakar gidanmu ne, irin wanda matan Kano suka daɗe suna juyawa a littattafansu. Littafin ya cancanci abin da ya samu, na karanta shi sau biyu. Amma kafin ya isa gaban alƙalai ya bi ta kamfanin ɗab'i na Parrésia a Legas, daga baya Cassava Republic suka fitar da shi a Ingila. Kamfanin ɗab'i na gaske kuwa yana da edita, mutumin da ake biya musamman don ya ce wa marubuci "wannan babin bai yi ba, koma ka sake." Akwai mai duba kurakurai, akwai mai aika littafin ga 'yan jarida da masu gasa. Ke wa ya karanta littafinki na huɗu kafin ki sake shi? Ina jin amsar ita ce babu kowa, don ni ma a nawa na farko amsar ke nan.

Sai ki ce ai duk da haka da Turanci ya rubuta. To, ga wata. A 2025 wata dattijuwa Musulma daga kudancin Indiya, Banu Mushtaq, ta ci kyautar Booker ta littattafan da aka fassara. Lauya ce, kuma da harshen Kannada take rubutu, harshen da na tabbata yawancin masu karanta wannan wasiƙa ba su taɓa jin sunansa ba. Gajerun labarai 12 ne da ta rubuta tsakanin 1990 da 2023, a kan matan Musulmi da mazajensu da kishiyoyinsu da 'ya'yansu. Kuɗin kyautar fam 50,000 ne, kuma ƙa'idar ita ce a raba biyu, rabi na marubuciya, rabi na wadda ta fassara, Deepa Bhasthi. Kafin ita, a 2019, Jokha Alharthi 'yar ƙasar Oman ta ci wannan kyautar da littafin da ta rubuta da Larabci. Babu wadda ta koma rubutu da Turanci. Sun zauna a inda suka fi ƙarfi, aka sami mai ɗaukar kayansu ya tsallaka da su.

Mu ma an taɓa tsallakawa da namu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Sai a 2012 ya fito da Turanci, fassarar Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero, kuma wani kamfani mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya ne ya buga shi. Shekara 22 littafin yana zaune a garin nan, har sai da Indiyawa suka zo suka ɗauka. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji daɗi da kunya sun haɗe min waje guda.

Abin da mutane suke mantawa shi ne, ƙagaggen labarin Hausa na boko da gasa aka haife shi. A 1933 Rupert East na hukumar fassara a Zariya ya zaga biranen Arewa yana neman masu ilimi su rubuta labarai, daga nan aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. East bai tsaya ga miƙa kyauta ya tafa hannu ba. Ya shiga cikin rubutun ya yi aiki, har ma Jiki Magayi sunansa yana jiki tare da na John Tafida. Kina iya sukar hannun Bature a cikin adabinmu, ni ma ina da abin faɗa a kai, amma aikin edita ya yi. Haka littattafan gasar kamfanin ɗab'i na Arewa, wato NNPC, da suka fito a 1980. A cikinsu akwai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, haifaffiyar Ƙofar Mata. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, ta biyu ta zo. Yau kuwa in ana lissafin wadda ta buɗe wa mata ƙofar rubutun labari da Hausa, da sunanta ake farawa. Alƙalai sun yi nasu lissafin, zamani ya yi nasa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Mu kuma muka ce ba za mu jira kowa ba. Ka rubuta a littafin rubutu na 'yan makaranta, ka kai wa mai taifin, ka kai maɗaba'a, ka ɗauko a buhu ka kai wa 'yan kasuwa. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka tashi, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga lungu da saƙo. Mun sami abin da marubutan duniya suke mafarki, wato masu karatu na gaske, matan aure da 'yammata da teloli da masu gadi, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya yage. Amma a hanya mun yar da edita, kuma ba mu koma mun ɗauko shi ba har yau.

Da manazarci Ibrahim Malumfashi ya laƙaba mana "Adabin Kasuwar Kano" mun yi fushi ƙwarai, aka yi ta musayar rubuce-rubuce a jaridu, Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suna kare mu. Yanzu da furfura ta fito min zan iya cewa wani ɓangare na sukar gaskiya ne, muna gaggawa, muna maimaita kanmu. Laifin da nake gani a wajen wasu manazarta na wancan lokacin shi ne sun yi mana kuɗin goro, ba su zauna sun ware tsaba daga tsakuwa ba. Wasu kuma ba su ma tsaya nazari ba, a 2007 har ƙona littattafai aka yi a garin nan a bainar jama'a. Marubucin da ya saba da zagi ko yabo kawai, daga baya ko gyara aka yi masa sai ya ɗauka zagi ne.

Ni kaina shaida ce. Littafina na farko labarin ɗaya ne, ɗan kasuwa ya ce in raba shi uku don a sayar sau uku, na yi ta cusa hirarrakin da ba su da gaira ba su da dalili don shafuka su cika. Mai maɗaba'a ya tsallake shafi huɗu a na biyun, babu wanda ya lura, ni ma sai da wata yarinya ta aiko min wasiƙa daga Fagge tana tambayar yadda aka yi amarya ta haihu ba a ga biki ba. Ya sayu, har an sake bugu. Ina cikin jin kaina a sama wata tsohuwar malamata ta Hausa ta aiko a kira ni. Ta miƙo min littafin, ko'ina jan biro kamar an yanka kaza a kai. Ta nuna min inda tauraruwata ta sauya hali ba dalili, inda na kashe uba don kawai na rasa yadda zan yi da shi, inda na rubuta "akan" alhali "a kan" nake nufi. Na yi kuka a gabanta, na yi wata biyu ban gaishe ta ba. Allah ya jiƙanta. Duk abin kirki da na rubuta bayan nan, daga wannan jan biron ya samo asali.

Naku yanayin ya fi namu sauƙi, ya kuma fi namu haɗari. Ba kya buƙatar maɗaba'a ko ɗan kasuwa, ki saki shafi da daddare a zauren WhatsApp ko Wattpad, kafin asuba an cika ki da "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba." Daga nan sai su fara tuƙa miki labarin. Wannan ta ce don Allah kada a kashe wane, waccan ta ce in ba a haɗa su aure ba ta daina karantawa. Ke kuma ba ki gama littafin ba, kina rubutawa kina saki, ba halin ki koma babi na uku ki gyara abin da kika gano a babi na talatin. Ban raina hawayen masu karatunki ba, Allah ya sani. Kyautar Goncourt ta Faransa, wadda ɗan Senegal Mohamed Mbougar Sarr ya ci a 2021, cakin Yuro 10 kacal ake bayarwa. Darajarta ita ce masu karatun da take janyo wa littafi. Abin da suke nema ta hanyar kyauta ke kin riga kin samu a hannu. Sai dai hawaye yana gaya miki kin taɓa zuciya ne kawai, ba ya nuna miki inda ɗakin yake yoyo.

Game da su kansu alƙalan, na taɓa zama a kujerar sau ɗaya a wata ƙaramar gasa. Mu uku ne, muka kwana biyu muna jayayya, labarin da na fi so ya ƙare a na uku saboda sauran biyun sun ga ƙarshensa ya yi duhu. Ba zalunci suka yi ba, ɗanɗano ne ya bambanta. Tun daga ranar na daina ɗaukar sakamakon gasa kamar hukuncin kotu. Abin da na lura da shi, wanda kuma ya fi damuna, rubuce-rubuce da yawa masu jigo mai kyau tun a zagayen farko suka faɗi, saboda ba a raba kalmomi daidai ba, babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, sakin layi ɗaya ya cinye shafi biyu. Alƙalin da ke da tulin rubutu a gabansa ba zai tsaya yana haƙo zinare a cikin taɓo ba.

Gaskiya ne gasannin dogon labari na Hausa ba sa daɗewa. An yi kyautar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye, wadda Ibrahim Sheme ya fara ci a 2007 da 'Yartsana, ta yi 'yan shekaru ta yi shiru. Wannan gyaran na masu kuɗinmu ne da jami'o'inmu, kuma ina faɗa musu duk inda muka haɗu. Amma gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata ta fito da sunaye da yawa, 'yar garin nan Maimuna Idris Sani Beli ta ci a 2017. Ki shiga irinta. Ko ba ki ci ba, matse labari cikin kalmomi 1,500 zai koya miki yanka, darasin da waya ba za ta taɓa koya miki ba, tunda shafinta ba ya ƙarewa.

In har wata rana labari ya zo miki da Turanci tun daga cikin ciki, ki rubuta shi, ba saɓo ba ne. Amma ki bar Hausar da kike sa mutane kuka da ita, ki koma inda za ki riƙa leƙa ƙamus kafin ki yi zagi ko shagwaɓa, don kwaɗayin kambu? Can ma za ki tarar da editan yana jiranki, ga shi kin baro masu karatunki a baya. Gara ki gama na biyar ɗin gaba ɗaya kafin kowa ya ga shafi ɗaya. Ki ajiye shi wata guda, ki ɗauko ki karanta da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki, kunnenki zai kama abin da idonki ya tsallake. Sannan ki ba wanda ba masoyinki ba. Marubuta suna zaman karatu a ɗakin karatu na Murtala Muhammad ƙarƙashin ƙungiyar marubutan Najeriya, wato ANA, reshen Kano, a can za a faɗa miki abin da 'yan zaurenki ba za su faɗa ba. In kuma kin haɗu da ɗalibar da ta iya Turanci da Hausa duka, mai son fassara, ki riƙe ta da hannu biyu.

Kafin nan, ki bar saƙo a gidan rediyon, za su haɗa mu. Ki kawo min na huɗun a buge a takarda, da tazara tsakanin layuka, don idona ba ya jure hasken waya yanzu. Bayan la'asar na fi samun sarari, ban da Juma'a. Na sayi sabon jan biro. In kin yi fushi da ni wata biyu ba komai, na san hanyar.

Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Antinki ta cikin birni, Kano