Masu karatun jarrabawar zama ƙwararren akanta na bukatar a dafa musu

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata damuwa da ba a cika kawo ta shafin jarida ba, alhali tana cin matasa da magidanta da yawa a ofisoshinmu da gidajenmu, wato karayar zuciya da kokwanton kai da ke kama masu karatun jarrabawar zama ƙwararren akanta. Na daɗe ina koyar da irin waɗannan ɗalibai da yamma da ranakun Asabar a nan Kano, kuma abin da na lura da shi shi ne, yawancin waɗanda suka jingine karatun suna da basirar da za ta kai su ƙarshe. Abin da ya kore su kunya ce da kaɗaici, da kuma mummunar fassarar da suka yi wa sakamakon da ya zo musu ba yadda suka so ba.

Ya kamata mai karatu ya san irin nauyin da ake magana a kai. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1965, tana gudanar da jarrabawarta a matakai uku, kowane mataki da takardunsa, tun daga ginshiƙan lissafin kuɗi har zuwa haraji da binciken kuɗi da haɗa rahoton manyan kamfanoni, kuma sai mutum ya sami maki hamsin cikin ɗari kafin a ce ya ci takarda. Wasu suna farawa ne daga tsarin ATS na horar da ƙananan akantoci tun da takardar sakandare, wasu kuma suna bi ta wata ƙungiyar akantocin mai suna ANAN da kwalejinta da ke Kwall a jihar Filato. Ko ta ina aka bi, masu wannan karatu galibi ba 'yan makaranta ba ne da ba su da wani aiki sai littafi. Ma'aikacin banki ne da ba ya barin ofis sai bayan isha'i, ko ma'aikaciyar ma'aikatar gwamnati da ke da goyo, ko magidancin da ya cire kuɗin rajista da na darasi daga albashin da da ma bai ishi gida ba. Idan irin wannan mutum ya buɗe wayarsa ranar da aka saki sakamakon zaman jarrabawa ya ga maki arba'in da bakwai, abin da ya gani ya wuce lamba, domin dararen da bai yi barci ba da kuɗin da ya hana iyalinsa duk suna cikinta.

Na san yadda ranar take kasancewa. Mutum zai mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da buga hatimi a kan takardun biya kamar babu abin da ya faru, idan abokin aiki ya leƙo ya ce, "Akanta, yaya labari?" sai ya ce ai shafin bai buɗe masa ba tukuna. A gida kuwa tun ranar da ya yi rajista aka laƙaba masa sunan Akanta, har iyaye sun riga sun gaya wa dangi. Ranar Asabar mai zuwa sai mu ga kujerarsa babu kowa, a kira shi a waya ya ce ayyuka ne suka yi yawa. Daga nan ne ake rasa mutane masu hazaƙa, kuma wannan yana damuna ƙwarai, domin na sha ganin ɗalibin da maki uku kacal suka raba shi da nasara ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta wannan fanni ba ce.

Wannan hukunci zalunci ne ga kai, kuma akwai dalilai. A jami'a ko kwalejin fasaha, malamin da ya koyar da kai shi ne mai fitar da tambayoyi, kuma sau da yawa abin da ya nanata a aji shi ke fitowa. A jarrabawar ƙwararru kuwa wanda ba ka taɓa gani ba ne zai ɗauko tambaya daga kowane lungu na manhaja, ya kawo maka labarin wani kamfani mai shafi biyu, ya ce ka ba shugabanninsa shawara a cikin awa uku da 'yan mintoci. Wanda ya fita da sakamako mai kyau a jami'a ta hanyar hadda zai iya faɗuwa a nan, kuma faɗuwar tana nuna cewa salon shirinsa ne bai dace da salon tambayar ba. Sannan fannin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2012 Najeriya ta fara aiki da ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya da ake kira IFRS, a watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, a shekarar kuma aka sabunta dokar kamfanoni, sannan a 2025 aka sanya hannu a kan sabbin dokokin haraji. Ɗalibin da ya ari tsohon littafin yayansa ya haddace shi tsaf zai iya rubuta amsar da ta yi daidai shekaru biyar da suka wuce, ya rasa makin gaba ɗaya, ya koma gida yana zargin basirarsa.

Saboda haka shawarata ta farko ga wanda ya faɗi ita ce, ya ba kansa 'yan kwanaki ya huce, kada ya yanke wata shawara a ranar da sakamako ya fito, sannan ya zauna ya binciki faɗuwar kamar yadda zai binciki asusun da ya ƙi daidaita. ICAN tana fitar da littafin Pathfinder bayan kowane zama, wanda ke ɗauke da tambayoyin da aka yi da amsoshinsu da kuma bayanin masu duba takardu a kan inda ɗalibai suka yi tuntuɓe. Abin mamaki shi ne, ɗalibai da yawa suna kwafe amsoshin su tsallake wannan bayani, alhali a nan maganin yake. Wanda ya karanta shi zai tarar ana yawan maimaita abubuwa iri ɗaya: rashin karanta tambaya da kyau, da ɓata lokaci a kan tambaya guda, da barin wani sashe na manhaja da fatan ba zai fito ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa. Da zarar mutum ya iya cewa, "Lokaci ne ya ƙure mini a tambaya ta huɗu," ya fita daga duhun "ni ban iya ba", ya sami abin da zai yi aiki a kansa, wato ya riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da biro da kalkuleta, agogo a gabansa, ba tare da leƙa amsa ba.

Haka kuma babu abin kunya a rage yawan takardun da za a zauna wa a lokaci guda. Mai aiki da iyali da ya ɗauki dukkan takardun mataki don kada a ce abokansa sun wuce shi, yakan tashi babu tsuntsu babu tarko, alhali da ya ɗauki biyu ya ci su, da wannan nasarar ta dawo masa da ƙarfin gwiwa. Kuma kada a yi wannan karatu a ɓoye. Mutum uku ko huɗu da ke haɗuwa bayan sallar asuba ko ranar Lahadi, kowa ya koya wa sauran abin da ya fi ganewa, suna samun abin da babu littafin da zai ba su, domin a nan ne kowannensu zai gane cewa abin da ke ba shi wahala yana ba wasu ma.

Akwai wata magana da nake ji a bakin wasu ɗalibanmu, cewa wannan jarrabawa ta mutanen Legas ce, ɗan Arewa ba ya kai labari. Gaskiya ne cewa fannin ya fara kafuwa a can, inda Akintola Williams, wanda ya zama ƙwararren akanta a Ingila a 1949, ya buɗe kamfaninsa a 1952, kuma har yau cibiyoyin darasi sun fi yawa a kudu. Amma marigayi Hamza Zayyad, Wazirin Katsina, ƙwararren akanta ne da aka damƙa wa jagorancin kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a 1988, kuma Ismaila Muhammadu Zakari ya shugabanci ICAN ɗin kanta a 2017. Ƙarancin wuraren darasi matsala ce ta gaske da ya kamata a magance, sai dai bai kamata ta zama hujjar da matashi zai raina kansa ba. Haka nan ina jan hankali game da yadda ake amfani da kalmar ƙaddara. Mun yi imani da ita, kuma tana sanyaya zuciyar wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, amma idan aka ce wa ɗalibi "ba rabonka ba ne" tun kafin ya duba inda ya yi kuskure, an rufe masa ƙofar gyara. Addu'a da bitar takarda tare suke tafiya.

Wani lokaci kuma abin yakan wuce sanyin gwiwa. Idan mutum ya daina barci, abinci ya fita ransa, ya ƙaurace wa mutane na tsawon makonni, to ya kamata ya ga likita, kuma na kusa da shi su raka shi maimakon su ce masa ya daure kawai. Wanda kuma ya zauna cikin natsuwa ya auna lafiyarsa da aljihunsa ya ga ya fi masa alheri ya dakata na wani lokaci, bai yi abin zargi ba.

Ina kira ga iyaye da mazaje da matan aure da su daina tambayar "yaushe za ka gama?", su koma tambayar me za su ɗauke wa mai karatun a makonnin ƙarshe kafin jarrabawa. Shugabannin ofisoshi su ba ma'aikatansu hutun karatu a kan lokaci, domin ƙwarewar da za su samu ofishin ne zai fara cin moriyarta. Rassan ICAN da na ANAN da ke Kano da Kaduna da sauran biranenmu kuma su riƙa shirya zama na musamman a makon da ya biyo bayan fitar sakamako, a gayyaci waɗanda ba su ci ba, manyan akantocin da su ma suka taɓa maimaita takarda su faɗa musu hakan da bakinsu, sannan a haɗa kowane ɗalibi da wanda zai riƙa duba aikinsa har zuwa zama na gaba.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani malamin darasin lissafin kuɗi,
Kano.