Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Majalisar Ƙasa Ta Kula Da Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne daga Kassala, inda muhawara kan auren jinsi da makomar yaran da suke tashi a irin waɗannan gidaje ta cika zaurukan WhatsApp da majalisun bayan la'asar na unguwannin Hausawa. Holan ce ta fara halatta wannan aure a 2001, Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2006, Amurka kuma a 2015. Addininmu bai yarda da shi ba, dokar Sudan ma haka, kuma babu mai neman a sauya hakan a nan. Abin da ya ja hankalina shi ne abin da masu nazarin tarbiyyar yara suka gano a can, domin ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye.

A 2013 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa lafiyar yaro da natsuwarsa sun fi rataya a kan ƙarfin shaƙuwarsa da masu riƙonsa, da zaman lafiyar gidan, da abin hannunsu, fiye da jinsin masu riƙon. Binciken Mark Regnerus, masanin zamantakewa ɗan Amurka, na 2012, wanda masu adawa da auren suke yawan kafa hujja da shi, ya sha suka ne saboda galibin waɗanda ya ƙidaya a matsayin 'ya'yan masu neman jinsi sun tashi a gidajen da aure ya mutu. Ke nan ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa yawan sauya hannu yana illata yaro. A Romaniya ma an bibiyi yara 136 na gidajen marayu a Bukarest, aka ga waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da harshe.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin halin da gidan marayu na Maigoma a Khartoum ya shiga bayan yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Yara fiye da 50, ciki har da jarirai, suka rasu cikin makonni kaɗan saboda yunwa da zazzaɓi, lokacin da yawancin masu reno suka kasa isa wurin aiki. A watan Yuni aka kwashe kusan yara 300 zuwa Wad Madani, a watan Disamba kuma aka sake gudu da su. Jaririn da ya saba da hannu ɗaya yakan yi shiru da zarar an ɗauke shi. Wanda kullum sabuwar fuska yake gani, da sannu har kukan ma yakan daina, kuma wannan shirun ba alamar lafiya ba ne.

Muna da mafita a cikin addininmu da al'adarmu. Riƙo ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, kusan kowane gida akwai ɗan yaya ko ɗan ƙanwa da aka riƙe. Abin da yake hana mutane karɓar ɗan tsintuwa shi ne tsoron bakin jama'a da batun muharramaka idan yaron ya balaga. Alhali a mazhabar Malikiyya, shayarwa ko sau ɗaya ce cikin shekara biyun farko tana mayar da yaro ɗan gida ta fuskar muharramaka, kuma kafala, wato riƙon yaro ba tare da sauya nasabarsa ba, ba ta saɓa wa umarnin Suratul Ahzab na kiran yaro da sunan mahaifinsa ba. Mata da yawa a unguwanninmu ba su taɓa jin wannan bayani da yarensu ba.

Saboda haka ina roƙon majalisarku ta haɗa kai da limamai da masu unguwannin Hausawa a Kassala da Gadarif da Sinnar, a yi wa jama'a bayanin kafala da Hausa, a sauƙaƙa wa kowane yaro samun takardar haihuwa kamar yadda Dokar Yara ta 2010 ta tanada. Iyalin da ya karɓi jariri a wannan tsadar rayuwa kuma a ba shi tallafin madara da magani, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta riƙa leƙa shi a kai a kai.

Wassalam.

Wani malamin makaranta, Kassala.