Amsa ga Alhajin da ya tambayi inda 'ya'yana suke karatu

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Tambayar da ka jefa a taron iyayen ɗalibai na Agege ta iso ni, har da labarin tafin da aka yi maka. An ce ka karɓi lasifika ka ce, tunda Malama tana ba 'ya'yan 'yan kasuwa da 'yan dako shawarar su haƙura da jami'a su shiga poli, wato kwalejin fasaha, to ta faɗa wa jama'a inda nata 'ya'yan suke. Da ka yi ta ina zaune, da a nan take ka samu amsa, amma sai ka jira na fita. Ba laifi. A gaban mutane ka yi, a gaban mutane zan mayar.

Babban ɗana a Kwalejin Fasaha ta Yaba ya yi difloma a fannin lantarki. Ya yi shekararsa ta koyon aiki a wata masana'anta a Ikeja, yana dawowa gida da baƙin mai har gwiwar hannu, sannan ya koma ya yi babbar difloma. Yau sola yake haɗa wa mutane, kuma ban yi mamaki ba idan a layinku ma akwai rufin da ya hau. Ƙanwarsa tana Jami'ar Legas a Akoka. Haɗa magunguna ta so, makinta bai kai ba, na zaunar da ita na gaya mata abin da na gaya wa 'ya'yanku, ta canza kwas ta shiga. Ka ga ke nan abincin da na zuba wa 'ya'yan mutane, shi na zuba wa nawa.

Abin da ya yi mini ciwo shi ne a ce ni na raina 'ya'yan talakawa. Mahaifina goro ya sayar a nan Agege har Allah ya karɓi ransa. Na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu, kuma cikin waɗanda suka yi maka tafi akwai waɗanda ni na koya wa rubuta sunansu. Su tambayi iyayensu mata wa ke bi gida gida tana roƙon a bar yarinya ta gama sakandare.

Kuma ban ce kowa ya haƙura da jami'a ba. Cewa na yi yaron da ya zauna JAMB sau uku yana bin likitanci ko lauya, maki bai taɓa matsowa kusa ba, a daina yaudararsa da “baɗi za a dace”. Jarrabawar nan maki 400 ce, likitanci kuma sai wanda ya yi zarra, domin hukumar likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ko da masu nema sun cika filin wasa. Idan ma an samu, shekara shida ce in ba a yi yajin aiki ba, kuma mun gani a 2022 yadda malaman jami'a suka rufe azuzuwa wata takwas. Yaron da ya ɓata shekara huɗu a gida sai ya lissafa da kyau, don wanda ya wuce shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa. Shi kuwa wanda ya shiga poli ya fito da sakamako mai kyau, ƙofar jami'a ba ta rufe masa ba: yana iya neman shiga kai tsaye ya fara daga aji biyu, ga sana'a a hannu. Kwalejin Yaba tun 1947 take yaye mutane, ta girmi Jami'ar Legas da shekara 15. Wannan ce makarantar da ka kira wurin zubar da 'ya'yan talakawa.

Na san za ka ce ana fifita mai digiri kan mai babbar difloma a aikin gwamnati. Haka ne, ana yi. Sai dai ka ƙirga mini 'ya'yan Hausawan Legas nawa ne suka samu aikin gwamnatin da ake magana, da digirin ko babu.

Ban so in taɓo wannan ba, Alhaji, amma kai ka buɗe ƙofa. Kowa a unguwa ya san wane ne mai makarantar lesin da ke shirya yara wa JAMB. Yaron da ya samu gurbi a poli ya tafi ke nan, wanda ya ce sai likita ko ba komai kuwa zai dawo baɗi da kuɗin rajista, da kuɗin darasi, da kuɗin gwaji a kwamfuta. Ba na cewa wannan ne ya miƙar da kai tsaye a taron. Allah ne masanin zukata. Na dai lura allon da ka kafa a bakin titi yana ɗauke da hotunan waɗanda suka ci, ban taɓa ganin hoton mai zuwa karo na huɗu ba.

Maganar da ka yi cewa ina tura 'yan mata kwanan makaranta ba ta buƙatar dogon bayani. Gadon kwana a jami'a ma ƙuri'a ake yi kafin a samu. Yarinyar da ke tashi daga Agege ko Mile 12 tun kafin a kira assalatu don ta riski laccar ƙarfe takwas, ta dawo bayan isha'i a danfo, ita ce ta fi ba ni tsoro. Jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2024 yana bi ta Agege zuwa Yaba ya rage wahala, amma bai kai kowa ƙofar gida ba. Abin da nake gaya musu, maza da mata, shi ne ranar farko su nemi masallacin makaranta da 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da a nan Legas aka kafa ta a 1954, su san inda za su dosa idan wani ya fara yi musu tayin “kariya” da daddare, ko malami ya ce a same shi a ofis bayan an tashi.

Da irin tambayar da ta dace ka yi, da na yi maka tafi ni ma. Yaranmu a nan aka yanke musu cibiya, suna jin Yarabanci kamar 'yan gari, amma ranar neman tallafin karatu sai a ce su kawo takardar asalin jiha. Su je Katsina ko Sakkwato, a ƙaramar hukuma a tambaye su ɗan gidan wa, su tsaya suna kallon ƙasa. Nan ba nasu ba, can ba a san su ba. Iyaye da yawa ba su ma san jami'o'in tarayya suna ware kashi 20 cikin 100 na gurabe ga jihohin da aka bari baya a ilimi ba, kuma yawancin jihohinmu na Arewa suna ciki, wato takardar da yaro yake raina wa ita ce za ta iya shigar da shi Akoka. Wa ya tara su ya yi musu wannan bayanin? Lokacin da kuɗin makaranta ya yi tashin gwauron zabo a 2023, na san yaran da suka ajiye karatu suka koma tsaron shago a Alaba Rago. Bashin karatu na gwamnatin tarayya ya zo a 2024, har yau akwai ɗaliban da ba su san yadda ake cike shi ba. Manyanmu kuwa, in bikin naɗin sarauta ne ko walimar dawowa daga Makka, sai a rufe titi a yanka shanu. Gida ɗaya a Bariga ko Akoka da za a kama wa 'yan matanmu haya su zauna tare da dattijuwa mai kula da su, an rasa mai ɗaukar nauyi. Kai kana cikin masu faɗa a ji, Alhaji, kuma lasifika ba ta yi maka wuyar samu.

Za a sake zama a ƙarshen wata, kuma wannan karon ba zan tashi ba sai an shafa fatiha. Ni zan zo da ɗana da takardunsa. Kai kuma don Allah ka riƙo rajistar makarantarka, a karanta wa iyaye yara nawa suka nemi likitanci ta hannunka, nawa suka samu, sauran kuma suna ina yanzu.

Wassalam,
Malamar da ka ambata,
Agege, Legas