Wasiƙar Godiya ga Ofishin da ke Tsara Horo da Musayar Likitocin Yara Tsakanin Ƙasashe

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikatan ofis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, mu ne likitocin yara, nas-nas da ungozomomin da ke karɓar baƙin likitocin da kuke turowa, muke kuma tura namu waje ta hannunku. Mun zaɓi mu yi wannan godiya a fili domin yaba kyauta tukwici ne, kuma masu shirin buɗe irin wannan aiki suna da abin ɗauka a tsarinku.

A 1990 yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da miliyan 12 suka rasu a duniya. A 2022 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 4.9, wajen miliyan 2.3 daga cikinsu jarirai ne da ba su cika wata ɗaya ba. Abubuwan da ke ɗauke su sanannu ne: haihuwar bakwaini, rashin numfashi lokacin haihuwa, nimoniya, gudawa, zazzaɓin cizon sauro, da tamowa wadda ke ƙara wa kowannensu ƙarfi. Maganin yawancinsu ma an san shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya iya aikin, a bakin gadon, cikin mintunan farko. Musayar likitoci tana iya cike wannan giɓi, tana kuma iya yin ɓarna idan aka yi ta da ka.

Babban abin da muke gode muku a kai shi ne ba ku barin likita ya hau jirgi da zaton cewa abin da ya saba yi a asibitinsa shi ne daidai a ko'ina. Darasin farko a horon share fagen da kuke ba shi na ƙarin ruwa ne, kuma kun kyauta da kuka fara da shi. Likitan da ya tashi a asibiti mai ɗakin kulawa ta musamman da na'urar taimakon numfashi, in ya ga yaro da zazzaɓi mai zafi, hannuwa sun yi sanyi, zuciya na bugawa da sauri, hannunsa kan kai ga ledar ruwa tun kafin ya gama tunani: mililita 20 a kowane kilo, a buɗe. A 2011 aka fitar da sakamakon binciken FEAST, wanda aka yi kan yara fiye da 3,000 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, da yawansu masu zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. Cikin awa 48, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri suka rasu, alhali a cikin waɗanda ba a ɗura wa ba kashi 7.3 ne. Baƙin da kuke turo mana sun san wannan tun kafin su iso. Sun san alamomi uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai sun haɗu kafin a ce jinin yaro ya gaza zagayawa: sanyin hannu da ƙafa, farcen da aka danna ya wuce daƙiƙa uku bai dawo da launinsa ba, da bugun jijiya mai rauni da sauri. In sun haɗu, mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ana dubawa ana sake dubawa. Sun kuma san cewa yaron da gudawa ta busar lissafinsa daban ne: mililita 100 a kowane kilo, jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya a ba shi 30 cikin awa ɗaya da 70 cikin awa biyar, wanda ya haura shekara a ba shi 30 cikin rabin awa da 70 cikin awa biyu da rabi. Rarrabe waɗannan yara biyu a ƙofar ɗakin gaggawa shi ne rabin aikin.

Haka ma tamowa mai tsanani, wadda likitoci da yawa kan gama karatunsu ba su taɓa gani da ido ba. Tausayi kan sa mutum ya so ya cika wa yaron ciki, kuma a nan ake asarar sa. Zuciyarsa ta raunana, hantarsa ba ta da ajiyar sukari, jikinsa cike da gishiri amma sinadarin fotasiyam ya ƙare. Kun koya musu su auna dantse, ƙasa da santimita 11.5 ko kumburin ƙafa biyu tamowa ce mai tsanani. Su fara da F-75, madarar musamman ta farkon jinyar tamowa, mililita 130 a kowane kilo a yini, ko 100 in kumburin ya yi yawa, a raba ta duk awa biyu har cikin dare. A lulluɓe yaron, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da babu zazzaɓi, kada a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai ya fara cin abinci yana ƙara nauyi, kada kuma a ba shi maganin sa fitsari don a sauke kumburi. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin tamowa ya san cewa ciyarwar ƙarfe biyu na dare ita ce ake yawan tsallakewa, da asuba kuma a tarar da yaro jiki ya yi sanyi, sukari ya faɗi. Muna ganin baƙinku suna duba takardar ciyarwar dare kafin komai a zagayen safe, kuma mun san inda suka samo wannan ɗabi'a.

Akwai wani ƙaramin kati da kuke ba kowane likita ya sa a aljihu, wanda a ganinmu ya fi littattafai da yawa amfani. Wata ƙasa tana auna sukarin jini da miligiram, wata da milimol, tsakaninsu ninki 18 ne. Likitan da ya saba jin miligiram 45 ya tashi tsaye domin sukari ya faɗi, in aka ce masa milimol 2.5, wanda awo ɗaya ne, zai iya ɗaukar daƙiƙoƙi yana lissafi, yaro kuwa yana sume. Nauyi a fam ko a kilo, ninki 2.2 ne, kuskurensa kan ninka magani fiye da sau biyu. Magani ɗaya kan zo da suna biyu, ko da ƙarfi daban a kwalba mai kama ɗaya. Idan ruwan sukari mai kashi 50 kaɗai ake da shi, katin ya nuna yadda za a haɗa kaso ɗaya nasa da kaso huɗu na ruwan allura a samu mai kashi 10, domin mai kaurin yana ƙona jijiyar yaro. Har allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kun sa: miligiram 2.4 a kowane kilo, amma 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a ba da ita nan take, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan sau ɗaya a yini. Tun binciken AQUAMAT na 2010 aka tabbatar ta fi kwinin ceton yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma baƙon da ƙasarsa ba ta da cutar bai taɓa haɗa ta da hannunsa ba, shi ya sa kuke sa su gwada haɗawar kafin tafiya.

Kan kayan aiki ma kun tsaya a inda wasu ke sassautawa. Ba ku yarda baƙo ya taho da na'urar kyauta sai an amsa tambayoyi: wutar lantarkinta 110 ce ko 220, ina za a samu kayan gyaranta, wa zai kunna ta ƙarfe uku na dare, wa zai wanke matatarta. Na'urar tace oksijin da ƙura ta toshe matatarta tana ci gaba da ƙara tana hura iska, ƙwallon awonta na tashi, amma abin da ke shiga hancin yaro ya kusa zama iskar ɗaki. Na'urar awon oksijin da aka kawo da matsin yatsan manya kaɗai ba ta karanta ƙafar jariri. Misalin da kuke koyarwa da shi ya isa hujja. Na'urar CPAP mai kumfa, wadda ke tura iska da ɗan matsi ta hanci don huhu ya zauna a buɗe, ta rage mutuwar yara masu nimoniya a wani asibiti a Bangladesh, kamar yadda aka bayyana a 2015. A 2019 sakamakon wani asibitin gunduma a Malawi, inda babu likita a kan yaran kullum, ya nuna kashi 17 cikin ɗari sun rasu a kanta, kashi 11 a kan oksijin na hanci kawai. Na'urar ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne yawan idon da ke kan yaron, da mai tsotse majina, da mai sauke iskar da ta taru a ciki. Saboda haka baƙinku sukan fara da ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, wanda ya yi sauri in ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 har zuwa wata goma sha ɗaya, 40 har zuwa shekara biyar, su sa oksijin in awon oksijin na jini ya gaza kashi 90, kafin su yi maganar wata na'ura.

Aikin takardu ba a cika yaba masa ba, mu kuwa mun san wahalarsa. Babu likitan da kuke turowa ba tare da lasisin wucin gadi na ƙasar da zai yi aiki ba, da sunan babban likitan da zai kula da shi a rubuce, da iyakar abin da aka yarda ya yi. Ƙa'idarku a nan mai sauƙi ce: abin da ba a yarda mai neman ƙwarewa ya yi shi kaɗai a gida ba, ba zai zo ya koya a jikin ɗan wani ba. Kuna duba rigakafin ciwon hanta, da katin zazzaɓin shawara wanda ba ya aiki sai bayan kwana goma da allura, da maganin kariya daga ƙanjamau in allura ta soki mutum, wanda dole a fara cikin awa 72 a sha kwana 28. Kun hana ɗaukar hoton yaro mara lafiya don a sa a intanet. Wannan ya yi mana daɗi ƙwarai, domin uwar da ke zaune bakin gado ba ta iya ce wa likita a'a, ko da zuciyarta ba ta so. Kun kuma hana zuwan mako guda, wanda mai masauki ke ƙare shi yana nuna hanyar ɗakin gwaji, baƙo ya tafi da labari, asibiti ya tashi a tutar babu.

Sai abin da ya sa muke kiran aikinku musaya da gaske: ƙofar tana buɗewa ta ɓangare biyu. A tsare-tsare da yawa baƙo daga ƙasa mai wadata yana taɓa marasa lafiya tun ranar farko, likitanmu da ya je ƙasarsu kuwa, ko da ya fi shi shekarun aiki, sai ya ƙare a bayan gilashi da hannu a aljihu. Ku kuna fara neman biza da rajista watanni kafin tafiya, kuna biyan masauki da inshora, domin wanda ya je ya riƙe jariri, ya sa bututu, ya yi kwanan aiki kamar kowa. Kuna zaɓar masa fannin da zai iya aiwatarwa in ya dawo, kuna kuma samun alkawarin asibitinsa a rubuce cewa kujerarsa da kayan aikinsa na jiransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe a 2010 don kada horo ya zama hanyar kwashe likitoci daga inda aka fi buƙatarsu, kuma muna shaida kuna bin ta.

Kuna kuma tuna wa kowa cewa ilimin ba daga gefe ɗaya yake fitowa ba. Renon bakwaini fata da fata a ƙirjin uwa a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978, saboda kwalaben reno sun yi kaɗan. A 2021 bincike a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya ya nuna fara shi nan take ga jariran da nauyinsu ke tsakanin kilo 1 da 1.8 ya rage mutuwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, yau kuma asibitocin da ke da kwalabe birjik suna koyonsa. Tsarin ETAT na tantance yara tun daga layi, a ware na gaggawa da na gaba-gaba da masu iya jira, aikin da aka yi a Malawi ne ya ba shi tushe. Baƙon da ya yi wata uku yana gano ƙarancin jini daga tafin hannu yakan koma gida likitan da ya fi iya duban yaro.

Muna da roƙo biyu. Na farko, ku faɗaɗa kujerun nas-nas, ungozomomi da masu gyaran na'urori. Horon taimaka wa jariri numfashi cikin minti na farko, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙaddamar da abokan aikinta a 2010, yana dushewa a hannu cikin 'yan watanni in ba a maimaitawa. Abin da ke riƙe shi shi ne 'yar tsanar gwaji da jakar hura iska a ajiye a ɗakin haihuwa, da ungozoma ɗaya da ta ɗauki nauyin sa kowa ya gwada na minti biyar kafin karɓar aiki: a tsane jariri, a goga bayansa, in bai yi kuka ba a ɗora marfin fuska a hura sau 40 a minti, ana kallon ƙirji yana tashi. Likita ba ya nan a yawancin haihuwa, ita ce take nan. Na biyu, ku sa a ƙa'ida cewa kowane baƙo zai bar takardar miƙa aiki kafin ya tafi, da sunan wanda zai ci gaba da duk abin da ya fara, ko jadawalin awon oksijin ne ko zaman bitar mace-macen mako, sannan ofishinku ya tuntuɓi asibitin bayan wata shida ya ji ko yana tafiya.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku ƙarfin gwiwa. A miƙa gaisuwarmu ta musamman ga ma'aikatan teburin biza da lasisi.

Naku,
Likitocin yara, nas-nas da ungozomomin asibitocin da ke aiki da ku