Shirinku na daren Laraba ya kusa kashe mini goggo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ban saba rubuta wa gidan rediyo wasiƙa ba, amma abin da shirinku na lafiya ya ja mana ya sa dole. Mai gabatarwarku ya ɗaga murya kamar sankira a gidan biki, wai masana sun gano gubar da ke cikin 'ya'yan zurma tana kashe ƙwayoyin cutar daji, wai magani na bayan gidanmu muna ta wahalar zuwa asibiti. Sau uku ya maimaita. Ko sau ɗaya bai faɗi cewa a ɗan faranti aka yi gwajin a ɗakin bincike ba, ba a jikin mutum ba.

Goggona tana fama da ciwon daji na nono. Da ƙyar muka shawo kanta aka kai ta asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, an yi mata ƙarin ruwan maganin sau biyu, gashi ya soma zuba, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Rediyonta kuwa ba ya barin gefen matashinta. Gari na wayewa ta aiki jikanta kangon bayan gida ya tsinko zurma, ta sa aka ɓare aka daka, ta dama a koko ta shanye, ba wanda ta gaya wa. Kafin la'asar amai ya kece, gudawa ta biyo baya har da jini. Na iske ta kan tabarma, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, tana riƙe da hannuna tana cewa, "Ɗan nan, ai a rediyo na ji." Kwana huɗu tana kwance ana mata ƙarin ruwa. Likita ya ce wannan guba ba ta da makari, sai dai a tallafi jiki a bar wa Allah. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma ranar komawarta Shika ta wuce, kuɗin motar da muka tara kuma ya tafi a gadon asibiti.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ba likita ba, amma ko ɗalibina na aji huɗu ya san ruwan batir ma in ka zuba shi kan ƙwayoyin daji a faranti za su mutu. Sai mu ce a sha ruwan batir? Gubar zurma, wadda ake kira risin, tana shiga ƙwayar halitta ta tsayar da wurin da ake ƙera furotin, kuma ba ta tambayar wannan ta daji ce ko ta hanta. Da ita aka kashe Georgi Markov, marubucin nan ɗan Bulgeriya, a Landan a 1978, da ɗan abin da bai kai ƙwayar dawa ba. Man zurma da aka tace ba shi ne abin tsoro ba, gubar a cikin tuƙar take zama. Ita kuwa goggo duka ta haɗa ta sha.

Ban ce ba a samun maganin daji daga tsiro ba. Vincristine da ake ba yara masu cutar daji ta jini, daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska aka ciro shi, irin wadda ake shukawa a ƙofar ofisoshi don ado. Amma ta jijiya ake ba da shi, a awo, da wuya ya wuce miligiram 2 a lokaci guda, kuma duk da haka yana sa yatsu su mutu. Taxol kuma daga ɓawon wata bishiya ta Amurka ya fito. An ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince a ba marasa lafiya ba sai 1992. Shekara 30 ke nan ana gwaji, ku kuma kun gama naku cikin minti biyar tsakanin talla da talla.

Abin da nake nema, ku kira likitan daji na gaske, ku ba shi lokacin nan na daren Laraba, ya faɗa da Hausar da tsofaffi za su gane cewa kada kowa ya sha zurma ko idon zakara. Mai gabatarwar kuma ya fito da bakinsa ya ce ya yi kuskure, tun da muryarsa goggo ta yarda da ita, ba tawa ba.

Sannan don Allah ku ja kunnen mai karanta sanarwar rasuwa da safe. Gudu yake kamar an biyo shi, ga kiɗa a ƙarƙashi. Makon jiya sai da aka binne abokin mahaifina a maƙabartar Ɗan Marna kafin mu gane unguwar da ya ambata.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.